Rigar Ruwan Mai Rufi

Mijina ya rayu ya mutu bai taɓa mallakar lema ba. Kafinta ne, amma ba irin masu haɗa gado da kujera ba. Shi nasa aikin a sama yake, ya kafa katako, ya shimfiɗa kwano, ya buga ƙusa. Rabin gidajen unguwarmu shi ya rufe su, shi ya sa har sunansa ya ɓace, yaro da babba sai dai ka ji Mai Rufi. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana hana ruwa taɓa mutane, shi ne kullum yake shigo mini gida sharkaf, ruwa na ɗiga daga gemunsa. An ce wanzami ba ya son jarfa. Ni a gidana na gani.

Ba zan ɓoye ba, a jiƙe na fara ganinsa. Ina budurwa ina koyon ɗinki a shagon wata mata, aka tsuge da ruwa, kowa ya ruga neman mafaka. Sai ga wani dogon saurayi a kan rufin shagon da ke kallon namu, ƙusoshi a bakinsa, riga ta manne masa a baya, yana ta buga guduma kamar ba shi ruwan yake duka ba. Sauran 'yan matan suka ce mahaukaci ne. Ni na ce a raina, wannan shi ne namiji. To, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Abin da ya burge ni ranar, shi na yi shekara talatin da wani abu ina yaƙi da shi.

Yana da hujjarsa, kuma da farko na yarda da ita. Ya ce yoyo ba a kama shi da rana. Mai gida zai nuna maka tabon ruwa a silin ya ce ga wurin nan, alhali ruwan ta wata ƙusa can gefe ya shiga, ya bi katako ya gangaro. Saboda haka duk wanda ya kira shi gyara, sai ya ce a jira hadari. In ruwa ya sauko sai ya shiga ɗakin, ya leƙa cikin silin da tocila, ya bi ɗigon da yatsa har ya kai tushensa, sannan ya fito ya hau. Haka kuma in ya yi sabon rufi, ba ya cewa ya gama sai an yi ruwa ya koma ya tsaya a ciki, ya ɗaga kai yana bin mahaɗin kwano layi bayan layi. In ya gamsu sai ya ce, "Ba yoyo." Iyakar yabonsa ke nan a duniya. Girki ko 'ya'ya ko ni kaina, ban taɓa jin ya ba wani ko rabin wannan ba.

A kan rufi, in ji shi, rigar ruwa iska take kamawa ta jefo mutum ƙasa, safar hannu kuma ba ta bari ka ji kan ƙusa. Na ce na ji wannan. To in ka sauko fa? A hanyar gida ma iska ce za ta jefo ka? Sai ya yi dariya ya ce, "Tela, ni gishiri ne da zan narke?" Tela yake kirana, tun ranar farko har ranar ƙarshe.

Ni na san ainihin maganar ba a kan rufi take ba, a kan benci take. A bakin shagon katako akwai wani dogon benci inda masu aikin gini suke zama da safe suna jiran a kira su. Amininsa Mai Fenti ya taɓa zuwa wurin da lema a hammata, matarsa ce ta matsa masa. Ai kuwa suka miƙe tsaye suna sara masa, suna cewa barka da zuwa Manaja, ina aka baro motar? Sunan ya bi shi har damina ta fita. Bawan Allah bai sake ba. Manya-manyan mutane da furfurarsu da 'ya'yansu, amma dariyar junansu ta fi ciwo ba su tsoro.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne maƙwabcinmu, wani akawu. Matarsa ta saƙa masa rigar sanyi, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, wuyan a karkace, launin kuwa ko kare ba zai so a lulluɓa masa ba. Amma duk safiyar da aka tashi da sanyi, sai ka gan shi ya fito a cikinta, da hularsa, da lemarsa rataye a hannu, matar tana bakin ƙofa tana gyara masa wuya. Ni ina taga ina kallo, zuciyata na tafasa. Ni ce telar layin nan. Matan unguwa kaf ni nake wa ɗinki, har ita matar akawun. Amma mijinta yana yawo da shirmenta a jikinsa, nawa mijin ko zare na bai yarda ya taɓa fatarsa ba in dai don sanyi ko ruwa na yi.

Ba kuma don ban yi ba. Na saƙa masa hular sanyi mai rufe kunne, bayan kwana biyu na gan ta cike da ƙusoshi, wai ta fi gwangwani don ba ta ƙara. Safar hannu ya ba mai shayin bakin benci yana sauke tukunya da ita. Akwai wani dogon ƙyallen wuya na ulu da na ɓata idona a kansa, da shi ya riƙa ɗaure tsani. Ba ya yarwa, ba ya rainawa a baki. Kowanne sai ya karɓa da hannu biyu ya ce an gode, sannan ya samo masa aikin da ba shi na yi nufi ba.

Sai rigar ruwa. Wannan ita ce ta tsaya mini a maƙogwaro. Ina da cikin Auta, 'yarmu ta ƙarshe, na samo tamfol mai kauri, irin wanda ake rufe kaya a mota. Kekena ba don wannan aka yi shi ba, allurai suka yi ta karyewa, yatsuna suka yi kanta. Na yanka ta da faɗi don ya ji daɗin ɗaga hannu. Kowane ɗinki na ninke shi na sake bi, na shafe shi da gam ta ciki, na ɗora wani yanki a kan kafaɗa yadda ruwa zai zame, kamar yadda na ga yana ɗora kwano a kan kwano. A duk rayuwata ban yi aikin da ya kai wannan ba, kuma na sani. Na miƙa masa, ya juya ta, ya ce an gode.

Washegari aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na zauna ina jiran in ga mijina ya shigo a bushe. Ya shigo yadda ya saba, ruwa har cikin takalmi. Rigar tana kafaɗarsa a naɗe, an ɗaure ta da igiya. Ya ajiye ya kwance a hankali, sai ga zartonsa da gudumarsa da almakashin yanka kwano, a bushe ƙayau.

Na ce, "Maigida, mene ne haka?"

Ya ce, "Zarto ba ya son ruwa, Tela. Tsatsa yake yi."

"Kai fa?"

"Ni ba na tsatsa."

Daga ranar rigar ta zama ta kayan aiki. Mata suna kishi da mata 'yan'uwansu, ni da zarto na yi nawa. Zarton nan ubansa ya bar masa. Kullum da yamma sai ya zauna a tsakar gida ya goge shi, ya shafa masa mai, ya bi haƙoransa da magagari yana karkata kai yana saurare, sannan ya kwantar da shi a cikin rigata ya naɗe. Ni da ke gefe ina ɗinke masa aljihu, ko kallo ban ishe shi ba. Akwai ranar da na ce masa da ana auren ƙarfe da tuni an raba mini kwana. Ya yi dariya har da tari, bai san da gaske nake ba.

Haka muka tsufa. Yaran suka girma suka watse, saura Auta. Ni dai ina da lemata, baƙa, babba, mai ƙwarin gaske, duk inda za ni tana hannuna. Ban taɓa jiƙewa ba, ban taɓa neman wani ya tare mini komai ba. In tafiya ta haɗa mu ruwa ya kama mu, ina gefe a ƙarƙashin lema, yana gefe a ƙarƙashin sama. In na miƙa hannu in rufe shi sai ya ƙara sauri.

Tarin da yake yi da wasa, wata damina ya daina wasa. Ya dawo daga aiki yana rawar ɗari, ya ce mura ce. Kafin a ce me numfashi ya gagara, muka kwashe shi sai asibiti. Sanyi ya shiga haƙarƙari. Mutumin da ruwa ya kayar, aka rataya masa ƙarin ruwa a hannu, Mai Fenti ya zo dubiya ya ce ai ga shi ya samu abin da yake so. Ni ban yi dariya ba. Na ga yadda ƙirjin nan da nake taƙama da shi yake hawa da sauka da ƙyar.

Ranar sallama likita ya kira ni gefe, a gabansa kuma ya maimaita don kada a ce ba a ji ba. Ya ce huhun ya riga ya gaji. Hawan rufi ya ƙare. In ruwa ya sake dukansa irin na da, zai dawo wannan gadon, kuma ba lalle ya sauka da ƙafarsa ba. Auta ta fashe da kuka, ta riƙe hannunsa tana cewa, "Baba, don Allah lema kawai. Lema ce fa." Ya shafa kanta ya ce Allah ya yi mata albarka. Wanda ya san shi ya san wannan a'a ce.

Aka rubuta masa allurai, kullum da safe a wani ƙaramin asibiti da ke bayan kasuwa. Ga shi tsakiyar damina. Na ajiye masa sabuwar lema a bakin ƙofa, ya tsallake ta kamar kwata. Na yi faɗa, na yi lallashi, na ce zan raka shi, ya ce shi ba makaho ba ne. Safiyar farko ya dawo da kafaɗu a jiƙe, na kwana ban runtsa ba ina sauraren numfashinsa.

Sai kuma ya fara dawowa a bushe.

Ran farko na ce ko sa'a ya yi. Rana ta biyu an yi yayyafi tun asuba bai tsaya ba, ga mijina ya shigo gemu a bushe, sai ƙafar wando kawai ta jiƙe. Ya kamata in yi hamdala. Na yi, amma a baki. Ruwa ba ya tsami banza. Na shinshina rigarsa da zan wanke, na ji wani ƙamshin turare da ba nawa ba a hannun dama.

Washegari da ya fita na ba shi rata, na ɗauki lemata na bi shi. A kwanar kasuwa na gan su. Mijina, Mai Rufi, wanda ya sa Mai Fenti ya yi damina guda ana ce masa Manaja, yana riƙe da lema. Ba ma baƙa ba, mai furanni ja da ruwan ɗorawa. A ƙarƙashinta ga shi ga wata mace, gajera, mai jiki, da gilashi a ido da fararen takalma. Sista, nas ɗin da take masa allura. Mijinta ya daɗe da rasuwa, a bayan layinmu take. Ya rage tsawon takunsa don ya yi daidai da nata. Da suka zo wurin da ruwa ya kwanta, ya tsaya ya jira ta tsallake, lemar tana bin kanta. Tana magana yana sunkuyo da kai yana ji.

Na tsaya a jikin wani shago ina kallonsu. An ce kishi kumallon mata, ni na ɗauka nawa ya ƙare a kan zarto. Ashe na ainihin yana kwance yana jirana sai da na yi furfura. Mutumin nan ko ranar da na fito daga asibiti da jariri a hannu bai riƙe mini lema ba, ni na riƙe abata. Suka wuce ta gaban bencin. Na ce yau za a yi ta. Ba wanda ya tsokane shi. Mai Fenti ma har da ɗaga hannu yana gaishe su.

Da ya dawo na ajiye masa shayi da ƙarfi har ya fantsama.

Na ce, "Sannu da zuwa, Manaja."

Ya ɗago ya kalle ni.

"Furannin sun yi maka kyau. Da na sani ai da irinta na saya."

Ya kurɓi shayinsa ya ce, "Baiwar Allah kafaɗarta ke ciwo, ba ta iya ɗaga hannu. Ta ce in taimaka mata. In ƙi?"

"Tun yaushe ka fara riƙe lema?"

"Ni ban riƙe lema ba. Riƙe mata na yi."

Wai shi a wurinsa magana ta ƙare. Ni kuwa ranar ɗinkin mutane uku na ɓata, na haɗa hannun riga a baibai, na farke, na sake haɗawa a baibai. Auta ta ce, "Mama, ba abin da muke roƙo ke nan ba? Ai ga shi ba ya jiƙewa." Na ce ta rufe mini baki, yarinya ba ta san wuta ba sai ta taka.

Na daure kwana biyu, na uku na kasa. Na bari sai da rana ta yi, marasa lafiya sun ragu, na je asibitin. Na same ta tana ɗora wani kwali a saman kabad, da hannu biyu, har tana ɗage. Na tsaya a ƙofa na ce, "Sannu Sista. Ashe kafaɗa ta yi sauƙi."

Ta juyo, ta gane ni, ko kunya ba ta ji ba. Dariya ma ta yi. Ta jawo mini kujera ta ce, "Maman Auta, zauna. Kafaɗata lafiyarta ƙalau, kada ki gaya masa."

Ban zauna ba.

Ta ce, "Ranar farko ya zo mini a jiƙe. Na ce wannan allurar tawa a banza za ta tashi. Na daɗe a aikin nan, na ga irinsu da yawa, nawa marigayin ma haka yake. Irin mijinki ba a ce musu ga lema. Riƙe mini ake ce musu. In ya riƙe miki, ai shi ma yana ciki."

Na ce na gode, na fito. Ban san ta inda na bi na isa gida ba.

Wallahi da cewa ta yi son mijina take, da na san yadda zan yi da ita, kuma da na ji sauƙi. Amma ba sonsa take ba. Karanta shi ta yi, cikin safiya ɗaya, tana riƙe da auduga. Ni da na san sautin tarinsa daga farkon layi, na san wace ƙafa yake fara sawa a takalmi, na yi shekaru ina tura masa abu yana turowa, ban taɓa gane ta ina ake shiga ba. Ana cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni nawa ɗakin baƙuwa ce ta nuna mini. Wannan kishin ya fi na farko zafi, don ba wanda zan yi wa faɗa.

Dabara dai ga ta an ba ni kyauta, amma girman kai ya hana ni ɗauka. In ce masa kafaɗata na ciwo? In ari bakin Sista in yi magana da mijina? Gara in mutu. Allurai suka ƙare, lemar furanni ta koma wurin mai ita, damina kuwa ko alamar tafiya ba ta yi.

Wata rana da la'asar hadari ya haɗu ta gabas, baƙi ƙirin. Ina ganin ya miƙe yana kallon sama na san akwai magana. Mai gidan burodi da ke ƙetaren gada ya aiko tun kwanaki, wai ruwa na zubar masa a kan buhunan fulawa, an kawo masu gyara sun kasa gano wurin. Ya jawo ƙunshin kayan aikinsa ya saɓa a kafaɗa.

Na ce, "Maigida, ka manta abin da likita ya ce?"

"Ba hawa zan yi ba. Daga ciki zan duba in nuna musu."

"Hanyar fa? Daga nan zuwa gada ina mafaka?"

"Zan riga shi isa."

Ya fita. Na ji ƙarar ƙofa, na ji iska ta fara kaɗa kwanon gidanmu. Auta ba ta nan. Na miƙe na ɗauki lemata, na kai bakin ƙofa, sai na tsaya. In na kai masa ba zai karɓa ba. In na ce riƙe mini, na zama 'yar koyon Sista. Na jingine ta a bango na fita haka nan, daga ni sai mayafi. Kada wani ya ce dabara na yi. Da fushi na fita. Na ce in dai asibitin yake so, to a tanadi gado biyu.

Ban san rabon da in yi irin wannan saurin ba. Na wuce kasuwa ana ta kwashe kaya, na wuce bencin ba kowa. A tsakiyar gada na cim masa, daidai lokacin da manyan ɗigo suka fara sauka. Wuri ne fetal, ba bishiya ba rumfa, sai ƙarfen gada da sandar lantarki. Ya ji takuna ya waiwayo.

"Tela! Me kike yi a nan? Ina lemarki?"

"Tana gida."

"Kin yi hauka ne? Ba kya ganin abin da ke tahowa?"

Na ce, "Ni gishiri ce da zan narke?"

Ruwan ya sauko gaba ɗaya. Ni da ban saba ba, sanyinsa ya ratsa ni har ƙashi, mayafin ya manne mini a fuska, haƙorana suka fara haɗuwa. Ya dubi gaba, ya dubi baya, ba wurin gudu. Ya dube ni. Ban taɓa ganin tsoro a fuskar mutumin nan ba, ko a gadon asibiti, sai ranar.

Ya sauke ƙunshin, ya fizge igiyar, ya kama gefen rigar ya zazzage. Guduma ta faɗi, almakashi ya bi ta, zarton ubansa ya daki kwalta ya yi ƙara ya kwanta a cikin ruwa. Ko kallonsa bai yi ba. Ya warware rigar ya wurga ta sama da kanmu, ya ɗaga hannu biyu ya tokare ta, ya ce, "Matso." Na matsa. Ya ce, "Matso sosai mana." Faɗin da na yi mata don ya ji daɗin ɗaga guduma, shi ya ɗauke mu mu biyu.

Ciki duhu-duhu, sai warin mai da ƙarfe. Ruwa na dukan tamfol a saman kanmu, ina jin numfashinsa a goshina, ina ƙirga shi ba tare da na sani ba. Lafiya yake fita. Ta ƙasan rigar ina hango zarton, ruwa na gudu a kansa. Allah ya yafe mini, daɗi na ji.

Muka daɗe a haka. Can na ga ya ɗaga kai. Idonsa ya kama ɗinkin kafaɗa, ya bi shi a hankali har ƙarshe, ya dawo ya kama na tsakiyar baya. Ya saki gefe ɗaya ya tokare da gwiwar hannu, ya sa yatsa yana bin layin gam ɗin da na shafa tun Auta tana ciki. Ya duba yatsan. Ya sake bin wani layin, ya sake dubawa. Na san wannan kallon, na sha ganinsa a ɗakunan mutane. Na tsaya ina jira kamar 'yar koyo a gaban mai shago.

Ya ce, "Ba yoyo."

Da ƙyar na ce, "Sai yau ka gani?"

Ya ce, "Sai yau na shiga ciki."

Bai taɓa saka rigar a jikinsa ba, kada in yi masa ƙarya. Hali zanen dutse ne. Amma daga ranar lemata ba ta sake fita ba, kuma duk sanda hadari ya haɗu yana da wurin zuwa, sai in ga ni ma ina da saƙo a hanyar. Ba ya tambaya, sai dai ya ɗauko rigar ya rataya a kafaɗa, kayan aikin kuma ya samo musu buhu. Mun wuce ta gaban bencin a haka ba sau ɗaya ba, kawuna biyu a riga ɗaya, Mai Fenti yana mana kirari. Ya ƙara shekaru masu dama, kuma ba ruwa ne ya ɗauke shi ba. Ana tsakiyar zafi ya tafi, a kan gadonsa, a bushe. Allah ya jiƙansa.

Sista ta zo gaisuwa, na amsa mata da mutunci, na gode mata, don na san abin da ta yi mini. Amma har yau in na hango lemar nan mai furanni sai na sauya hanya.

Zarton kuwa bai warke daga ruwan gadar ba. Ya goge, ya shafa mai, amma tabon tsatsa ya zauna a gefe ɗaya, faɗin tafin hannu. Yana nan a ƙarƙashin gadona. Kwanan baya Auta ta gan shi ta ce a kai a kankare tsatsar, tunda kayan tarihi ne. Na karɓe abina na mayar inda yake, na ce kada wanda ya taɓa mini tsatsar nan.